Mafi Duhu A Cikin Biyar

Litinin, 2 ga Oktoba

Luz ta kira ni ina tsakiyar ɗaukar hoton falon wasu mutane. Ina ganin lambar gidan kula da tsofaffi na san Baba ne. Baba ya sake shiga ɗakin Mista Kowalchuk, wani tsoho maƙwabcinsa a gidan. Wannan karon har takalmi ya cire, ya haye gadon bawan Allah, ya ja bargo. Mai ɗaki ya dawo daga cin abinci ya tarar da ƙato a gadonsa, aka yi ta ihu, Baba na cewa a fitar masa da ɓarawo.

Luz ce ma'aikaciyar jinyar da ke kula da hawan benensu. Ba ta ƙara wa magana gishiri, shi ya sa in ta yi magana nake tsorata. Ta ce, "Tuula, babanki ba mafaɗaci ba ne. Ɗakinsa ne ba ya ganewa, ƙofofin duk ɗaya ne a idonsa." Shugabar gidan za ta zauna a kan maganarsa farkon watan gobe. In bai daina ba, hawa na uku za a kai shi.

Na san labarin hawa na uku. Ƙofa a kulle, taga ba ta buɗuwa, lambu ma sai da mai riƙe maka hannu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a saman rumbunan hatsi na bakin tafki, iska na kaɗa masa riga? Ba zai ga ƙarshen sanyin bana a can ba.

Na ƙarasa aikin. Ban ma san me na ɗauka ba.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ashe akwatunan gilashin nan da ke jikin bango kusa da kowace ƙofa ba ado ba ne. Kullum ina wuce su ban taɓa tambaya ba. Iyali ne ke zuba abin da tsohonsu zai gani ya san ɗakinsa ne, tunda ciwon mantuwa ya cinye masu karatun suna. Na Kowalchuk ƙugiyoyin kamun kifi ne da wata tsohuwar hula. Wata mata hoton aurenta da almakashi. Na Baba wayam, sai takarda mai ɗauke da sunansa, VEIKKO LAHTINEN, kamar kabarin da ba a ziyarta.

Kunya ta kama ni. 'Yar mai ɗaki hoto ne sana'arta, akwatin ubanta kuma babu ko ɗaya.

Na ce wa Luz ta bar min wannan. Har da ɗan ɗaga kai na faɗa, Allah ya shirye ni.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Rhonda ta dawo min da hotunan gidan ranar Litinin. "Ƙara masu wuta, ƙawata, ƙara! Mai saye ba ya danna hoton gida mai duhu a intanet." Rhonda dillaliyar gidaje ce, rabin aikina daga hannunta yake fitowa, gidan Baba ma ita muka ba ta sayar. Na ƙara. Gajimare ya koma kamar an yi masa duka ya kumbura, rufin ya yi wani farin zobe a gefensa, katakon dabe kamar leda. Ta turo min da alamar zuciya har uku.

Ni ma na san ya yi muni. Amma muni ne mai sayar da gida.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na kai hoto uku daga cikin waɗanda na yi wa gidanmu na talla: gaban gida, falo, kicin. Ƙanena Arto ya biyo ni, wai zai taya ni. Yana leƙawa ya kwashe da dariya.

"Wannan wane otal ne? Nawa ne kwana ɗaya?"

Na ce ya rufe min baki. Amma gaskiyarsa. Kafin in ɗauka Rhonda ta sa an kwashe kayanmu kaf, an kawo farar kujerar haya da kwanon lemun roba.

Luz kuwa hoton kicin ta tsura wa ido. Ta ce ita duk sanda ta ɗauki ɗaki da waya, ko taga ta yi fari fat ko ɗakin ya yi baƙi, ta yaya ni na samu duka biyun? Na yi mata bayani ina jin daɗin kaina. Ba hoto ɗaya ba ne, biyar ne. Kyamara na tsaye a kan ƙafafunta ba ta motsi. Na farko duhu ƙirin, taga kawai ake gani. Na ƙarshe haske ya cinye taga amma har ƙarƙashin tebur ya fito. Uku a tsakani. Sai kwamfuta ta tsinci mai kyau a kowanne ta haɗa. HDR muke ce masa. Na ce ai haka idon mutum ke gani, kyamara ce ba ta iyawa sai an taimake ta.

Muka fito da Baba muka tsayar da shi gaban akwatin. Ya duba, ya gyaɗa kai cikin ladabi irin na baƙo.

"Masu kuɗi ne," ya ce. Ya wuce abinsa.

Talata, 10 ga Oktoba

Ɗakin wata tsohuwa yau. Ta jefe shi da silifa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Ya sake tambayata, "Ina Aili? Ta je coci ne?"

Na riƙe hannunsa na faɗa masa kamar kullum. Mama ta rasu, Baba, bara waccan, kai ka zaɓi waƙar da aka rera. Ya kalle ni, ya fashe da kuka kamar yanzu aka aiko masa. Kullum sabo ne a wurinsa.

A bakin lifta Luz ta ce, a hankali dai, ba dole ne in amsa kowace tambaya da dukan gaskiyarta ba. In ce masa, "Kana kewarta ko?" ya isa. Raina ya ɓaci. Na ce ni ba zan yi wa ubana ƙarya ba, shi ya hana mu tun muna yara. In ya rasa tunaninsa ai bai rasa mutuncinsa ba. Ba ta ja ba. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata ya bi ni har mota.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na tilasta wa Arto muka kwaso teburin kicin da kujerar lilon Mama daga garejinsa, muka mayar gidan tun da sassafe. Yana ta mita. "In Rhonda ta gani za ta yanka mu." Na ce ta yanka. Na ture lemun robarta cikin kwali. Na rataye agogon bango, na shimfiɗa ledar tebur mai furannin shuɗi, na ajiye kofin Baba mai tsagaggen hannu, kwandon saƙar Mama a gefen kujerarta. Har labulen da ta ɗinka na mayar.

Na kafa kyamara daidai inda Baba ke zama, na daidaita ta da tsayin idonsa in yana zaune. Rana ba ta gama fitowa ba, tafki ya yi launin toka, jirgin ruwa ɗaya na jiran ɗaukar hatsi a rumbu. Na ɗauki biyar ɗin.

Wannan karon da hannu na haɗa, sannu a hankali, ba irin ta Rhonda ba. Mutane na zagin HDR saboda abin da irinmu muka mai da shi, amma in aka yi shi da tausayi babu kamarsa. Hoton Mama ɗaya tilo da nake ƙauna, da HDR ɗin na yi shi, tana tsaye a bakin tagar nan, fuskarta ta fito, tafkin ma ya fito. Da ba don shi ba da sai in zaɓi ɗaya in rasa ɗaya.

Na yau ma ya yi. Komai ya fito: zaren da ke cikin kwando, tabon shayi a leda, wurin da gwiwar hannun Mama ta goge fentin kujera, jirgin can nesa. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Arto ya leƙa ta kafaɗata, bai yi tsiya ba, ya fita waje ya daɗe.

Allah ka sa ya gane.

Talata, 17 ga Oktoba

Wauta. Garin sauri na tura wa shagon wankin hoto duk hotunan gaba ɗaya, suka wanko har da ɗanyun guda biyar ɗin da ba a nuna wa kowa. Na zare mai kyan, na cusa sauran a jakata.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ya gane. Wayyo Allah, da ma bai gane ba.

Na sa hoton a akwati na kawo shi. Ya tsaya cak. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashi. "Kicin ɗinmu," ya ce. Na juya na kalli Luz, ina ji kamar in yi tsalle. Ya nuna kofinsa. Ya nuna jirgin, har ya faɗi irin hatsin da zai ɗauka. Sai yatsansa ya gangaro kan kujerar lilo ya tsaya.

"Ba kowa."

Na ce eh, Baba, hoton kicin ne kawai.

"Ga saƙarta. Ba ta barin saƙarta. Ina kuka kai ta?"

Ya buga gilashin da tafin hannu, sau biyu. Ya ture ni ya bi layin ƙofofi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran Aili, Aili. Sai da aka kira ƙarin ma'aikata. Kowalchuk na tsaye a ƙofarsa da sanda yana cewa shi kam ya gaji, ko a ɗauke mahaukacin nan ko shi a ɗauke shi.

Mahaukaci. Baba.

Duk an rubuta, shugaba za ta karanta. Na cire hoton da hannuna. Akwatin ya koma wayam.

Asabar, 21 ga Oktoba

Mun yi kaca-kaca da Arto a waya. Ya ce, "Ke komai sai kin haska shi, har abin da ba a tambaye ki ba." Na ce shi da ke zuwa sau ɗaya a mako da fanke a leda ya tafi, shi zai koya min? Ya kashe. Na sake kira don in ƙarasa zagin, bai ɗauka ba.

Abinci ba ya shiga. Da na rufe ido sai in ga ƙofar hawa na uku, wadda sai an danna lambobi take buɗuwa.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na roƙi Luz ta hau da ni hawa na uku in gani da idona. Tsaf yake, ba wari, ma'aikatan na da fara'a. Wani tsoho na tsaye a bakin ƙofar fita da rigar sanyinsa a hannu, yana jiran a buɗe. Luz ta ce tun safe yake tsayuwa haka, kowace rana.

Na sauko, na wuce mota.

Talata, 24 ga Oktoba

An taya gidan Baba. Rhonda ta ce hotunana ne suka jawo su. Ta kuma ce matar da ta shiga kicin ta ce, "Af, a hoto ya fi haske."

Alhamis, 26 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan da kyau kar in manta yadda ya faru.

Baba ya koyi lalube min jaka yana neman alewa, ni kuma na bar shi, ai ya fi kuka. Yau ya zaro ambulan ɗin shagon wanki. Na manta ma yana ciki. Na kai hannu zan karɓe, tsoro nake kar ya sake ganin kujerar nan, ya buge min hannu kamar ina 'yar shekara shida. Ya soma jera su a gwiwa kamar karta. Masu hasken ya zubar gefe ko kallo bai yi masu ba. Ya tsaya a kan na farko.

Wannan ba hoto ba ne, shara ce. Baƙi ƙirin. Taga kawai ce a tsakiya, tafki, jirgi, ɗan jan gari a ƙasan sama. Gefen kofi ya ɗan kama haske. Inda kujerar Mama take kuwa duhu ne dunƙule, sai ka san da ita za ka ce akwai wani abu a wurin.

Na buɗe baki zan ce wannan lalatacce ne. Ya ɗora yatsa a leɓe.

"Shhh. Ta koma barci."

Da raɗa ya yi min sauran bayanin, guntu-guntu. Wai takan tashi ta haɗa masa abincin tafiya aiki, sai ta zauna a kujera da saƙa, barci ya sace ta. Shi kuma ba ya kunna fitila. A duhu yake shan gahawarsa yana duba jiragen da suka kwana a tafki, ya san irin aikin da ke jiransa. Sai ya ɗauki takalmansa a hannu, a waje yake sakawa.

Ban taɓa sani ba. Ta ina zan sani? Kafin mu tashi ya tafi, fitila a kunne, rediyo na yi, Mama na faɗan za mu makara. Kicin ɗin da na sani ke nan, shi na yi ta wahalar haɗa masa.

Ya riƙe hoton a ƙirji ya ƙi ba ni. Luz ta leƙo, ta duba shi, ta dube ni. Ta ce in ya yi barcin rana za ta sa a akwati. Na ce haba Luz, mutane su wuce su ga wannan baƙin abu, su ce 'yarsa ce mai hoton? Ta ce, "Ba su za su kwana a ɗakin ba."

Na bar ta ta sa. Amma har yanzu ina jin kunyar, ba zan ɓoye wa littafina ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ba kira. Na duba wayar ya fi a ƙirga, har na ɗauka ta lalace.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ni da Arto mun shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri, fanke dai ya miƙo min. Muka laɓe a bayan tukunyar fulawar da ke ƙarshen layi kamar ɓarayi, muna jiran a tashi daga abincin rana.

Baba ya taho yana jan ƙafa. Ya wuce ƙofa ta farko. Ya rage tafiya a ta Kowalchuk, na damƙe hannun Arto har ya ce wash. Ya wuce. Ya zo tasa, ya tsaya gaban akwatin, ya daɗe. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya cire takalmansa, ya riƙe su a hannu, ya murɗa ƙofar a hankali ya shiga da sanɗa.

Arto ya ce, "Kai, mura ce ke damuna," ya nufi banɗaki.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Jiya ya ɓata sau ɗaya, ya shiga ɗakin ajiye barguna. Luz ta ce wannan ba komai ba ne, ba ɗakin kowa ba ne. Ni ban yarda ba komai ba ne. Jibi za a zauna. Me zan saka? Me zan ce in ta karanto abin da ya faru ranar Alhamis ɗin da ya buga gilashi? In ce laifina ne, hotona ne ya yi kyau da yawa? Wa zai fahimci wannan?

Dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

An bar shi. Zuwa bayan sabuwar shekara dai, sannan a sake dubawa. Shugabar ta ce kar mu ɗauka an gama, ciwon gaba yake yi ba baya ba, wata rana hoton ma zai daina yi masa magana. Na sani. Na ce na gode har sau nawa ban sani ba, na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita.

Na je na wanko baƙin hoton guda uku, ko da wani abu zai sami wancan. Yarinyar shagon ta ce, "Kin tabbata wannan kike so? Kamar bai fito ba." Na ce ya fito.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Rhonda ta kira da safe a kan gidan da na ɗauka ranar Asabar. "Ƙawata, ƙarƙashin benen nan ya yi duhu, da lungun ɗakin karatu. Lafiyarki kuwa?" Na ce mantawa na yi. Ta ce in gyara. Na gyara ƙarƙashin benen. Lungun ban samu lokaci ba.

Da yamma na biya wurin Baba. Yanzu gari na saurin rufewa, na tarar ɗakin ya yi duhu, yana zaune bakin gado yana kallon taga, takalmansa a ajiye a gefe. Hannuna ya riga ya kai kan makunnin fitila.

"Kar ki kunna," ya ce da raɗa. "Za ki tashe ta."

Ya nuna lungu da haɓa, inda kujerar baƙi take da rigar sanyinsa a rataye. Maganar ta zo min har bakin leɓe, wadda na saba, bara waccan, kai ka zaɓi waƙar. Na sauke hannuna. Na cire nawa takalman na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Ta gaji ne."

Na ce, "Eh, ta gaji."

Mun daɗe a haka. Ba na jin ƙarya na yi. Ɗakin da duhu, ni ma ban ga kujerar sosai ba.